Ciwon Tunani a Ɗakin Likitan Ƙauye

A Madawa, Buza ko Keita, ba kasafai mutum ke zuwa likita ya ce tunani ne ke damunsa ba. Abin da za ka ji shi ne kai na zafi, gaba na faɗuwa, barci ya ƙaurace, abinci ba ya ciyuwa. Sai a gwada jininsa ko zazzaɓin cizon sauro ne, a ba shi farasitamol ya tafi, bayan kasuwa biyu ya dawo da kukan da ya zo da shi.

Tsarin kiwon lafiya na Nijar hawa-hawa ne: ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye, sai cibiyar da ake kira CSI, sai asibitin gunduma, sai babban asibitin Tawa, sannan na Yamai, inda sashen masu taɓin hankali, Pavillon E, yake. Daga Keita zuwa Yamai ya haura kilomita 500, ga kuɗin mota, ga na mai rakiya. Saboda haka ma'aikacin jinyar da ke riƙe da CSI shi ne likitan iyali na gaskiya. Ya san gidan, ya kuma san mijin wace ya tafi ci-rani Libiya ko Abijan ya bar ta da ƴaƴa da rumbun da ya kusa ƙarewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP a 2008, ta fitar da littafin jagorarsa a 2010, domin irin wannan ma'aikaci ya iya gane ciwon baƙin ciki mai daɗewa, da taɓin hankali, da farfaɗiya, da shaye-shaye, ya yi maganinsu a inda yake. Magungunan tsofaffi ne, masu araha. Hukumar ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya na iya daina faɗuwa idan suka samu maganin da ya dace. Ƙwayar baƙin ciki kuwa sai ta yi makonni kafin a ga aikinta, kuma ana ci gaba da sha watanni bayan an ji sauƙi. Nan ne gizo ke saƙa: iyali su ga shiru kwana goma su ajiye, ko magani ya yanke a rumbun cibiyar.

Uwayen yara masu tamowa sun fi kowa buƙatar a tambaye su halin da zuciyarsu ke ciki. Tun yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi aiki a wannan yanki, kuma masu jinyar tamowa sun san uwar da zuciyarta ta karaya ba ta wasa da ɗanta, ba ta lallashinsa ya ci. A auna hannun yaro a ƙyale uwar, rabin aiki aka yi.

Yawancin masu ciwon tunani sun biya ta wajen malam ko ƴan bori kafin su iso. A ganina kuskure ne ma'aikaci ya yi musu faɗa a kan haka. Rubutun sha da addu'a ba sa hana ƙwaya aiki. Abin da ya kamata ya tsaya a kai shi ne kada a ɗaure mara lafiya da mari, kada a doke shi, kada kuma a ce ya bar magani. Idan saurayi ne, a keɓe shi daga iyayensa a tambaye shi batun shan ƙwayar taramol, don ba zai faɗa a gabansu ba.