Daga kasuwar magani ta Anacha zuwa ganuwar ƙwayar cuta

Duk direban tirela ko falken albasa da ke sauka a Upper Iweka, cikin Anacha, ya san kasuwar magunguna ta Ogbo Ogwu da ke bakin gadar Neja. Daga nan kwalayen ampiclox da amoxicillin ke bazuwa zuwa shagunan magani, har can Arewa. Hukumar NAFDAC ta rufe kasuwar a 2007 zamanin Dora Akunyili, ta sake rufe ta a Fabrairun 2025, duk kan jabun magunguna.

Illar jabu ba ta fitowa sarai sai an san aikin da kafson gaske ke yi a jiki.

Ƙwayar bakteriya tana kewaye da ganuwa, kuma kullum ganuwar cikin gyara take. Wasu sinadarai da ake kira inzayim suna tsaga ta domin ƙwayar ta girma ta rabu biyu, wasu na biye suna ɗinke tsagar. Fenisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a 1928, maɗinkan yake damƙewa, haka ma danginsa. Masu tsagawa ba sa tsayawa, sai ganuwa ta rushe, ƙwayar ta fashe.

Gyaran nan kansa makami ne. Ƙwayar ciwon sanyi tana zubar da ɓaraguzan ganuwarta, su lalata bututun mahaifa, abin da kan kai mace ga rashin haihuwa. Ta tarin shiƙa haka take wa hanyar numfashin yara. Ita kuwa Staphylococcus aureus, mai haddasa maruru, shafe take wa ganuwarta yadda sinadarin da ke cikin hawaye da yawu ba zai iya yanka ta ba. A 1961 aka gano a Ingila wani nau'inta mai wani maɗinki dabam, wanda maganin methicillin ba ya kamawa.

Kafson da sinadarinsa bai cika ba, ko guda uku da majinyaci ya saya ya sha ya daina don zazzaɓi ya sauka, raunana kawai yake kashewa, ya bar wa masu taurin kai fili. Wannan sayen na ɗai-ɗai, a ganina, bai fi jabu sauƙin illa ba.

Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar bakteriya ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma idan aka auna da yawan jama'a, yammacin Afirka ne kan gaba.