Tashe Da Faɗuwar Bikin Baje Kolin Motoci Na Geneva

A shekarar 1905 ne aka fara bikin baje kolin motoci na birnin Geneva. Da yake ƙasar Suwizalan ba ta da babban kamfanin ƙera motoci, kamfanonin Jamus da Faransa da Italiya sun ɗauki bikin a matsayin dandalin da babu ɗan mowa, babu ɗan bora. A 2019 'yan kallo sun haura 600,000.

Annobar korona ta sa aka soke bikin 2020 ana saura kwanaki kaɗan a buɗe. Ko da aka dawo da shi birnin a 2024, yawancin manyan kamfanoni sun ƙaurace, domin kama rumfa da tsada, ga kuma intanet ta wadatar wajen tallata sabuwar mota. A watan Mayun shekarar masu shirya bikin suka sanar da daina gudanar da shi a Geneva.