Zaren tsiro a cikin siminti: damina nawa zai ɗauka?

'Yan'uwana fatake, yawancinmu da ke neman abinci a Akara, Kwatano, Duwala ko Abijan burinmu ɗaya ne: mu tara 'yan kuɗi mu aika gida a ɗora rufi. Shi ya sa idan dillali ya nuna mana allon rufi ko na silin da aka yi da siminti da zaren tsiro, ya ce ba ya tsatsa, ba ya zafi kamar kwano, sai hankalinmu ya kwanta. Gaskiya ya faɗa. Abin da ba kasafai yake faɗa ba shi ne damina nawa allon zai ɗauka.

Siminti yana da ƙarfi idan an danne shi, amma da zarar an tanƙwara shi sai ya tsage. Don haka ake sa masa zare ya riƙe shi. A 1900 wani mutumin Ostiriya, Ludwig Hatschek, ya fito da hanyar yin allo da siminti da zaren asbesto. Daga baya aka tabbatar ƙurar asbesto tana jawo cutar huhu da kansa, sai aka koma neman zaren tsiro: sisal da ake nomawa a Burazil da Tanzaniya, zaren ɓawon kwakwa, rama, da ɓargon itace irin na yin takarda.

Ni da na tashi ina ganin magina na kwaɓa ƙasa da ciyawa, na san dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Sai dai ƙasa ba ta cin ciyawa, shi kuwa siminti yana cin zare. Duk wanda ya taɓa kwaɓa shi da hannu ya san yadda yake cin fata. A ma'aunin pH ruwan sha yana wajen 7, ruwan da ke cikin siminti kuwa ya haura 12. Wannan kaifin yana narkar da ɗanƙon da ke haɗa silin zaren. Sannan farar ƙasar da ke cikin simintin tana kutsawa cikin ramukan zaren ta daskare, sai ya ƙage, ya rasa danƙonsa. Ga kuma jiƙa da bushewa: zare ya sha ruwa ya kumbura, rana ta fito ya motse, a hankali ya saki simintin.

A shekarun 1970 da 1980 an yi ta buga allunan rufi na sisal da hannu a Gabashin Afirka, da yawa suka tsattsage. A 1983 wani mai bincike a Suwidin, Hans-Erik Gram, ya nuna cewa kaifin simintin ne ke kashe zaren, kuma zafi da danshi suna gaggauta abin. Ke nan allon da ke waje a bakin teku ya fi shan wahala a kan wanda ke silin ɗaki a Damagaram.

Akwai magani. Idan aka rage siminti aka maye gurbin da tokar buntun shinkafa da aka ƙona da kyau aka niƙe, ko gasasshen farin yumɓu, kaifin yana raguwa. Zaren kwakwa kuma ya fi sisal juriya. Manyan masana'antu suna amfani da ɓargon itace da aka tace, wasu har su gasa allon da tururi, shi ya sa nasu ke daɗewa.

To, kafin ka biya, tambayi wane zare aka sa, kuma allon na ciki ne ko na waje. Ka nemi guntun da ya sha damina uku ko huɗu ka karya. Idan zaren ya zaro da tsawonsa, da sauran ransa. Idan ya ɓalle ƙaras kamar biskit, siminti ya cinye shi. A sito ka jera su a kan katako, ka rufe da tamfol. Bayan ɗorawa a yi fenti, kuma kada yara su hau. Tsohon allon asbesto kuwa, kada a yanka shi ko a huda shi.

Uwargida, idan maigida yana kan hanya aka zo sauke kaya, ke ma ki yi waɗannan tambayoyin kafin mota ta tashi. Kuɗin rufi gumin shekaru ne, ba a son a biya shi sau biyu.