Zanen zahiri: me Faransa ta fara, me ake jingina mata?

Samarin da ke zana fuskokin mutane da fensir a unguwannin Gyadi-Gyadi da Tarauni sukan ce salon nasu daga Faransa ya fito, wai kuma burinsa zane ya fito sak da hoton kyamara. Rabin maganar gaskiya ce.

A Faransa aka kafa tafarkin zanen zahiri, Gustave Courbet ne kuma jagoransa. A 1855 masu shirya babban baje kolin Paris suka ƙi karɓar wasu manyan zanukansa, sai ya kafa rumfarsa a gefe ya baje su. Sai dai ba kan kamanni aka yi rigimar ba, don masu zanen fada sun iya fitar da kamanni tun kafin a haife shi. Waɗanda ya zaɓa ya zana ne suka tayar da ƙura: masu fasa dutse a 1849, sai jana'iza a garinsu Ornans, kan ƙyalle mai faɗin sama da mita 6, girman da a da sai sarki ko yaƙi ko ƙissar addini. Ga talakawa tsaye, kowa da fuskar da Allah ya ba shi, ba kwaskwarima. Wani mai zanen, Millet, shi ma matan da ke kala a gona ya zana a 1857. Don haka a ganina wanda ya zauna ya zana mai shayin Court Road, ko masu jinya a ƙofar Asibitin Malam Aminu Kano, ya fi kusa da Courbet nesa ba kusa ba, a kan mai kwaikwayon hoton sarki daga waya, komai ƙwarewar hannunsa.

Zancen cewa kyamara ta kashe zane ma bai tsaya ba. An bayyana fasahar ɗaukar hoto ta Daguerre a 1839, shekara 10 kafin zanen masu fasa dutsen.

Mona Lisa kuwa, da ake jingina wa Faransa, ba Bafaranshe ya zana ta ba. Aikin Leonardo da Vinci ne, ɗan Italiya, wanda ya ƙarasa rayuwarsa a Faransa ya rasu a 1519, ƙarni 3 kafin haihuwar Courbet.

Maganar da ta fi damuna ita ce ta cewa sai da muka je Turai muka iya zana fuska. Mai zane Aina Onabolu, ɗan Ijebu-Ode, ya yi karatu a Landan da Paris, haka ne, amma sai a 1920 ya tafi. Tun a 1906 ya zana matar Spencer Savage a Legas, da hannun da ya horar da kansa.