Yadda Na'urar CT Ke Gano Ciwon Dajin Hanci a Jikin Zomo

Zomo ta hanci kawai yake numfashi, shi ya sa toshewar hanci ke iya kashe shi. Yawanci ƙwayar cutar Pasteurella ko ciwon saiwar haƙori ne ke jawo masa atishawa da majina. Amma idan magani ya ƙi ci, ko jini na fita ta kafar hanci ɗaya, likitan dabbobi zai yi zargin ciwon daji.

A hoton X-ray, ƙasusuwan kai kan rufe juna. Na'urar CT kuwa yanki-yanki take ɗaukar hoto, kwamfuta ta harhaɗa su har ƙarin ya fito fili. Sai a gutsuri tsokar a auna don tabbatarwa, sannan a yi tiyata ko a ƙona ƙarin da hasken radiyeshan.

Kafin ka kai shi asibiti, ɗauki bidiyon numfashinsa da wayarka, ka nuna wa likita.