Gonakin Gefen Maradi Sun Koma Filaye, Gidajen Kuwa Shiru

In ka baro Sabon Gari ka nufi kudu wajen Jiratawa, ba za ka yi nisa ba sai ka fara ganin ƙananan turakun siminti a jere cikin gona, wasu da lamba a jiki, gero na tashi a tsakaninsu. An riga an yanka gonar, kowane fili da mai shi. Manomin da ke duƙe a wurin aro yake ci, kuma ya san ranar da tifa ta juye yashi, nomansa ya ƙare.

Dalilin farko a bayyane yake, jama'a ta yi yawa. A ƙidayar 1988 mutanen birnin Maradi sun ɗan haura dubu 110. A ta 2012 sun wuce dubu 267. Daga 2019 kuma ta'asar 'yan bindiga a bakin iyaka, ta wajen Gidan Rumji da Madarumfa, ta sa masu ɗan hali tattaro iyali zuwa gari. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ma ta kawo ɗalibai da malamai masu neman haya. Ga shi birnin ba ya iya faɗaɗa ta yamma, Gulbin Maradi ya tare, dole ya ci gonakin sauran sassa.

Amma yawan jama'a kaɗai ba zai bayyana abin da ido ke gani ba. Da masu neman wurin kwana ne ke saye, da an ga gini. Abin da ake gani shi ne katanga ta kewaye ciyawa, ƙofar ƙarfe da kwaɗo ya yi tsatsa, shekara da shekaru ba a aza bulo ɗaya ba. A ganina nan ne gizo ke saƙa: fili ya zama asusu. Kasuwancin alhazan Maradi a ɗaure yake da Najeriya, kuma sun ga rufe iyaka a 2019, sun ga takunkumin 2023, sun ga naira tana narkewa a hannu. Wanda ya sha wannan, in ya samu riba sai ya binne ta a ƙasa, domin ƙasa ba ta ruɓewa, kwastan ba ya kama ta. Jirgin ƙasan Kano zuwa Maradi, da aka aza harsashinsa a 2021, ya ƙara wa dillalai abin faɗa. Su ma hukumomin gari sun daɗe suna samun kuɗin shiga daga yankan filaye, don haka ba su da dalilin ja da baya.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai gonar. Kuɗi ne ake zube masa wanda bai taɓa riƙe irinsa ba. A raba wa magada, a yi aure, a sayi babur, wani ya tafi Makka. Bayan damina uku babu kuɗin, babu gonar, ɗan da ya gaji garma ya koma kabu-kabu ko lebura a ginin da ake yi bisa gonar kakansa. Rigima kuwa ba a magana: ɗan'uwa ya sayar ba da sanin sauran ba, fili ɗaya da takarda biyu. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye don irin wannan, sai dai a gefen birni, inda ikon hakimi da na magajin gari ke haɗuwa, kafin takarda ta fito ciniki ya wuce hannu uku.

Birnin kansa ma yana asara: Jiratawa na da fadamar noman rani da ke cika kasuwannin Maradi da zogale da kayan miya, Tibiri kuma gonakinta na tudu ne ke riƙe da gidajen Gobirawa. Duk taku ɗaya da birni ya yi, abincinsa ne yake turawa nesa.

Talaka da farashi ya kora daga tudu sai ya gangara inda ya fi araha, bakin kwari da hanyar ruwa, ya yi ginin ƙasa. Maradi ta san wannan hatsari: ambaliyar 1945 ce ta cinye tsohon gari a kwarin Gulbi, ta sa aka hau tudu aka shata sabbin unguwanni. A ƙarshen Agustan 2024 ruwan sama ya sake rusa gidaje da yawa a birnin, aka rasa rayuka, alhali filaye masu katanga na nan bisa tudu, ba kowa a ciki.