Katin banki: in an ci kuɗin mutum ba da saninsa ba, me banki yake yi?

Harobanda tana hayin kogin Isa, a birnin Yamai. Da Zabarmanci, sunan yana nufin bayan ruwa. Can ne jami'ar Abdu Mumuni take, da unguwanni irin su Lamorde, Kirkisoy da Karaje. Akwai malamai, da ɗalibai, da ƴan kasuwa, da masu noman shinkafa da lambu a bakin kogi. Da yawa daga cikinsu suna ajiya a banki, kuma banki ya ba su kati. Mutanen karkara ma sun fara riƙe shi, musamman masu ɗa a birni ko a ƙasar waje. Saboda haka ya kamata kowa ya san yadda ake sata da kati, da abin da banki yake yi in an yi satar.

Mene ne katin banki?

Ɗan falle ne na roba, girman katin ɗan ƙasa. A gabansa akwai sunan mai shi, da lamba mai ƙwaya 16, da ranar da zai daina aiki. A bayansa akwai wata ƙaramar lamba mai ƙwaya 3. Banki yana kuma ba mai kati lambar asiri mai ƙwaya 4. Ita ce mabuɗin kuɗinsa.

Kati iri-iri ne. Akwai wanda yake cin kuɗin da mutum ya ajiye a asusunsa. Akwai wanda ake zuba ma kuɗi tukuna a yi sayayya da shi. Akwai kuma katin bashi: banki ya biya, mai kati ya biya banki daga baya. A Nijar, iri biyun farko sun fi yawa. Da kati ana fitar da kuɗi a na'urar da ake ce ma gishe, ana biya a kanti, ana sayayya a intanet.

Yaya ɓarayi suke yi?

Wani ɓarawo yana tsayawa bayan mutum a gishe, ya ga lambar da ya danna, sannan ya sace katin. Wani yana cewa zai taimaki wanda bai iya karatu ba, sai ya musanya masa kati. Wani yana kwafe lambobin gaba da na baya, ya yi sayayya a intanet, alhali katin yana aljihun mai shi. Wani kuma yana kiran waya ya ce shi ma'aikacin banki ne, a faɗa masa lambar asiri ko lambar da ta shigo ta saƙo. Wannan ƙarya ce. Banki ba ya tambayar kowa lambar asirinsa.

Abin da za a fara yi

Duk wanda katinsa ya ɓace, ko ya ga an fitar da kuɗin da bai sani ba, sai ya sa a rufe katin nan take. Kada ya jira wayewar gari, kada ya jira ranar Litinin.

Nijar tana cikin ƙungiyar UEMOA, ta ƙasashe 8 masu kuɗin sefa. Babban bankinsu shi ne BCEAO, mai mazauni a Dakar. A shekarar 2002 ƙungiyar ta kafa doka mai lamba 15 a kan hanyoyin biyan kuɗi. Dokar ta ce biyan da aka yi da kati ba a warware shi don kawai mutum ya sake shawara. Amma ta yarda a tsai da biya in kati ya ɓace, ko an sace shi, ko an yi zamba da shi.

Dokar ta kuma ce kiran waya ya isa a rufe kati. Sai dai wanda ya kira ya je banki ya tabbatar da maganarsa cikin awa 24 na ranakun aiki, da takardunsa a hannu. Ya karɓi takardar shaida, ya adana ta. Ranar da sa'ar da aka rubuta a kanta suna da amfani ƙwarai, don su ne suke raba abin da aka ci kafin a sanar da banki da abin da aka ci bayan an sanar.

Daga nan sai ya rubuta kokensa: ranar da aka fitar da kuɗin, da yawansu, da cewa ba shi ne ya fitar ba. Wanda hannunsa bai nuna ba tukuna, ya nemi malamin yaƙi da jahilci ko wani amintacce ya taimake shi, amma ba tare da faɗin lambar asiri ba. Ya kuma kai ƙara komisariya ko wurin jandarmomi.

Yadda banki yake bincike

Kati ba ya aiki bai bar sawu ba. Kamar yadda makiyayi yake bin sawun saniyarsa, haka banki yake bin sawun kati. Na'ura tana rubuta rana, da sa'a, da wuri, da yawan kuɗi. Tana rubuta ko an sa katin a ciki, ko lambarsa kaɗai aka yi aiki da ita. Tana rubuta ko an danna lambar asiri daidai. A gishe da yawa akwai kamara mai ɗaukar hoto.

A ce wani mai sayar da shinkafa a Kirkisoy ya ga an ci jika 50 a asusunsa. Banki ya duba, ya ga a intanet aka kashe su, a wani kanti na ƙasar waje, ba a sa kati a na'ura ba. Katin kuwa yana hannun mai shi. Wannan alama ce cewa lambobinsa aka kwafe. Sai bankinsa ya nemi bankin wancan kanti ya kawo hujja ko ya maido kuɗin. Bankunan biyu ba sa magana kai tsaye. Akwai masu haɗa su. A ƙasashen UEMOA akwai GIM-UEMOA, da aka kafa a 2003. A duniya kuma akwai Visa da Mastercard. Kowannensu yana da ƙa'ida da wa'adi. Koken da ya makara yana iya faɗuwa.

A ce kuma an fitar da jika 50 ɗin a wani gishe na Yamai, da katin kansa, an danna lambar asiri daidai tun karon farko. Nan magana ta yi wuya. Banki zai tambaya: wa ya san lambar? In mai kati ya rubuta ta a bayan kati, ko ya faɗa wa ɗansa ko yaron shagonsa, banki yana iya cewa sakacinsa ne, ya ƙi biya. Wani lokaci hoton kamara yana nuna ɗan gida ne ya yi aikin.

In banki ya yi shiru fa?

Akwai hukumar da take sa ido a kan bankunan ƙasashen nan 8, ofishinta yana Abijan. A 2020 ta umurci bankuna su amsa koken mai ajiya cikin wata guda. Wanda bai samu amsa ba, ko amsar ba ta gamsar da shi ba, yana iya kai koke ga hukumar, ko ya je gaban alƙali. Shi kuwa ɓarawon, aikin ƴan sanda ne su kamo shi. Tun 2019 Nijar tana da dokar hukunta masu laifi ta kwamfuta da intanet.

Abin da ya kamata a riƙe

A haddace lambar asiri, kada a rubuta ta a kati ko a takardar da take tare da shi.

A rufe hannu da hannu in ana danna lamba a gishe.

Kada a miƙa wa baƙo kati, kada a aika hotonsa ta waya.

A nemi banki ya riƙa aiko saƙo duk lokacin da kuɗi suka fita, kuma a karanta saƙon.

A rubuta lambar wayar banki a wani wuri dabam, don ranar da kati ya ɓace.

Wanda ya iya karatu da lissafi ba ya bukatar kowa ya danna masa lamba. Shi da kansa zai karanta saƙon banki, ya gane in an taɓa kuɗinsa, ya kira tun ɓarawo bai yi nisa ba.